Na Bi Littafi na Bakwai Har Gwanzu

Litinin: Gwarzo zuwa Kano

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba na fito daga gida a Gwarzo. 'Yata Hauwa ce ta riƙe mini jaka har tasha, tana tafe tana mita. "Inna, a kan littafin rubutu guda ɗaya za ki tafi har ƙasar Sin? Da wannan idon naki?" Na ce mata idon ne ma ya sa zan tafi. Ta gyara mini mayafi.

Ku 'yan ajinmu na yaƙi da jahilci da kuka ce in rubuta muku yadda tafiyar ta kasance, bari in fara da dalilinta, don kada wata ta ce Asabe ta je sarin hijabai.

Mijina Sabo, Allah ya jiƙansa, shekara goma sha tara ya yi yana aiki a wata masaƙa a Kano. Shi da abokansa ba sa kiran juna Malam ko Alhaji, sai Kwamared. Kullum da yamma yana manne da rediyo yana jin sashen Hausa na Rasha. In ya kashe sai ya juyo kaina da labari, yadda talakawan can suka tunɓuke sarkinsu, suka ce gona ta mai noma ce, masana'anta ta mai aiki. Ya ce mata ne ma suka fara fitowa, waɗanda suka gaji da bin layin burodi. Daga baya ya samo ƙagaggun labarai na Turanci da aka rubuta a kan abin. Wasu na yabo, wasu na cewa waɗanda suka kori sarkin kujerarsa suka haye. Ya karanta duka, yana karatu yana tsaki. Wata rana ya ce, "Ba wanda ya rubuta namu." Ya sayo littattafan rubutu bakwai masu falle arba'in, ya kama labarin wasu leburorin masaƙa da suka kori masu ita suka karɓe ta.

Ni a lokacin ko sunana ba na ganewa a takarda. Ina da shekara arba'in da bakwai na shiga aji, bayan rasuwarsa, kuma littattafan nan ne suka shigar da ni. Shekara biyu na yi kafin na gama shida. A ƙarshen na shidan, shugaban leburorin ya fara sa takalmin manaja yana zama a ofishinsa, wai yana tsare wa jama'a wurin. Nan labarin ya tsaya. Na bakwai ba ya gidan.

Al'adar su Sabo ita ce, duk abin da ɗayansu ya rubuta sai ya zagaya hannu-hannu, kuma ba ya kwana uku a wurin mutum ɗaya. Shida sun zagaya sun dawo. Yana kwance cikin ciwon ajalinsa ya ce mini, "Na bakwai yana wurin Ilu." Ilu shi ne shugabansu lokacin babban yajin aiki. Bayan yajin aka ba shi ofis mai fanka. Da masaƙar ta rufe ya koma Guangzhou, wanda 'yan kasuwarmu ke kira Gwanzu, yana yi wa mutane lodin kaya. Duk wanda ya karanta na shida ya san da wa ake, Sabo ya hango abin tun kafin ya faru. Shekara goma ina bin Ilu a waya. Ya aiko mini darduma, ya aiko tocila, ya aiko bargo. Littafi babu.

Bara likita ya ce ina da hawan jinin ido. Na hagu ya riga ya tafi, na dama yana bin sa. Ban sha wahalar koyon karatu da furfura don wata ta karanta mini ƙarshen labarin mijina ba.

Motar ta tashi biyar da rabi, mu shida. Kilomita saba'in ne zuwa Kano, shingen jami'ai uku. A na biyu wani ya haska ni ya ce, "Mama, ina zuwa?" Na ce, "Sin." Ya yi dariya, ya ce direba ya wuce. Direban ya waiwayo ya ce, "Hajiya, kin iya tsokana." Na ce ya duba gabansa.

Bakwai da kwata na isa gidan Hajiya Gambo a Fagge. Ƙawata ce mai shago a Kwari, sau biyu take zuwa Gwanzu a shekara, ita ta yi mini cuku-cukun biza a matsayin abokiyar kasuwancinta. Jirginmu ya tashi ɗaya da rabi na rana.

Talata: Addis Ababa zuwa Gwanzu

Awa biyar zuwa Addis Ababa, muka canza jirgi, sannan awa goma da ɗoriya a sama. Ba zan yi muku ƙarya ba, ƙafafuna sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Mun sauka ƙarfe huɗu na yamma agogonsu, wanda ya riga namu da awa bakwai.

A wurin duba fasfo ana ɗora yatsu a kan wani gilashi. Tara suka fita, babban yatsana na dama ya ƙi. Tabon ƙuna ne ya raba shi biyu, na tafasasshen mai, tun zamanin da nake suyar ƙosai. Jami'ar ta goge gilashin, na sake, ya ƙi. Sai a na uku ta ɗaga mini hannu. Gambo ta ce, "Yaya, ƙosanki ya kusa hana ki shiga Sin."

Daga filin jirgi zuwa masauki kilomita talatin ne, minti hamsin a tasi. Masaukin yana titin Liuhua, kusa da tashar jirgin ƙasa, hawa na shida, gado biyu da tagar da ke kallon bangon wani bene. Suka kwafi fasfonmu don rajistar 'yan sanda. Sama a rufe take da wani hazo mai ɗumi, ga yayyafi da ba ya tsayawa ba ya ƙaruwa. Kwana biyar na yi a garin ban ga inuwata ba.

Abinci muka ci a gidan wata 'yar Ghana da ke dafa wa mutanenmu a hawa na uku na wani bene, tuwon shinkafa da miyar kuɓewa, yuwan talatin da biyar a kuɗinsu. A nan na ga wani dattijo ɗan Maraɗi, Malam Isuhu, mai sarin takalma. Da ya ji wanda nake nema sai ya ajiye cokali.

"Alhaji Ilu? Ai tun shekaranjiya ya san kina tahowa, Hajiya."

"Wa ya gaya masa?"

"Garin ga ba a ɓoye baƙo. Wanda ya sayar miki da tikiti ma ɗan gidansa ne."

Na kalli Gambo, ta kalli miya.

Laraba: Xintang

Tara na safe muna ofishin Ilu, tafiyar minti goma a ƙafa. Wata 'yar Sin ce a kan teburi. Na ce Ilu. Ta ce, "Lawban meyo." Gambo ta ce wato maigida ba ya nan. Kalmomin nan biyu su na fi ji a ƙasar. Matar ta rubuta mana suna a takarda, Xintang, garin da ake ɗinka wandunan jins, wai ya je duba kayan wani.

Gambo ta ce mu bari sai gobe. Na ce ta zauna in ta gaji. Ta yi tsaki ta kira direban da ke kai ta, wani mai ƙaramar bas da ya iya "sannu" da "madalla". Mun tashi goma saura kwata, kilomita arba'in, awa ɗaya da minti goma saboda cunkoso.

Garin nan shuɗi ne. Ƙurar yadi a kan tagogi shuɗiya, ruwan kwata shuɗi, hannun matan da ke fitowa cin abinci shuɗi har wuyan hannu. Ina shiga wurin ɗinkin warin auduga ya buge ni. Warin rigar Sabo ke nan in ya dawo daga aiki. Shi ne kuma ya zauna masa a ƙirji har ya kashe shi.

Mata ne jere a kan kekuna, ba mai ɗaga kai. A saman ƙofa akwai ƙaramar jar tuta mai guduma da lauje. Na san ta. Ita ce a bangon littattafan da Sabo ke ajiyewa a ƙarƙashin gado. Yakan nuna mini ya ce, "Asabe, guduma tamu ce, lauje na su babanki. Duk inda kika ga wannan, mai aiki ne da wurin."

Mai wurin mace ce, ba ta kai Hauwa ba, da waya biyu a hannu. Ta ce Ilu ya tafi minti ashirin da suka wuce, bayan an kira shi daga ofis. Tana da wani abu a waya da ke juya magana. Na ce Gambo ta tambaye ta tutar ta wace ce. Wayar ta ce, "Ta kowa ce." Na ce kekunan fa? Matar ta yi dariya ta nuna ƙirjinta.

Ban zarge ta ba. Ta ba mu shayi, ta kawo mini kujera da ta ga ƙafata. Amma na tsaya na daɗe ina kallon wata mai ɗinki, sa'ata ce ko ta girme ni, tana kusantar da ido ga allura kamar yadda nake yi wa takarda. Da ina jin yarenta da na tambaye ta ko tana karatu, kuma wa ya koya mata.

A hanyar dawowa Gambo ta ce, "Yaya, ki bar bawan Allahn nan. Tsufa ya kama shi, ga ciwon suga."

"Shi ya sa nake sauri. In ya mutu 'yan Sin za su share ɗakinsa su zuba a shara."

Da la'asar na sake samun Malam Isuhu a gidan abinci. Ya saurare ni, ya shafa gemu. "Ni ban ce komai ba, Hajiya. Amma gobe Alhamis ana lodi a Huangpu. Mai lodi ko zazzaɓi yake sai ya tsaya an rufe kwantena a gabansa, don in kaya suka ɓace shi za a kama. Ba ya iya gudu daga nan."

Alhamis: Huangpu

Mun tashi ƙarfe takwas. Kilomita ashirin da biyar ne, ta gefen kogi. Ban taɓa ganin ƙarfe mai yawa haka ba, kwantenoni bisa kwantenoni kamar unguwa, da manyan ƙugiyoyi suna ɗaga su. A ƙofar sito mai gadi ya duba fasfonmu, Gambo ta nuna masa takardar kayanta, ya bar mu.

Na hango shi kafin ya hango ni. Ilu da na sani ƙato ne, in ya hau tebur a ƙofar masaƙa ana jin muryarsa har titi. Wannan wani siririn tsoho ne da hular sanyi, riƙe da takarda, yana kallon diloli suna shiga kwantena. Dilolin atamfa ne, masu zuwa Kano.

Ban yi masa sallama ba. Na wuce na hau kan dilar da ke bakin kwantenar na zauna, na miƙe ƙafa. Mai tuƙa injin ɗaga kaya ya taka birki ya hau ihu da yarensu.

Ilu ya juyo. "Innalillahi. Matarmu, ke ce?"

"Ni ce, Kwamared. Ko Lawban ake cewa yanzu?"

"Sauko mu gaisa kamar mutane. Ya hanya? Ya su Hauwa?"

"Suna lafiya. Littafin."

"Asabe, motar nan sha biyu za ta bar wurin nan. In ta makara jirgin ruwa ya tafi, kayan mutum tara ne a ciki."

"To su tara su zo su ɗauke ni."

Masu lodi suka tsaya suna kallo, wani ya fito da waya yana ɗauka. Gambo ta rufe fuska da mayafi tana cewa, "Yaya, don girman Allah, a nan nake cin abinci."

Ilu ya matso, ya rage murya. "Gobe bayan Juma'a ki zo gida."

"Shekara goma kana ce mini gobe. Dokarku kwana uku ce, kai ka kafa ta da bakinka. Shekara nawa ke nan? Ka ji tsoro ne don Sabo ya tuɓe ka a ciki? Ai ba sai an karanta ba. Ga ka nan kana loda atamfar da ta rufe mana masaƙa."

Na zaci zai yi faɗa. Sai ya cire hula ya share fuska da ita.

"Masaƙa ta mutu, ni ban mutu ba, sai na ci abinci. Ki faɗi duk abin da kike so a kaina, Sabo ya riga ki, kuma bai yi ƙarya ba. Da don ni ne da tuni na ba ki. Alkawari na ɗauka."

"Wa ka yi wa?"

"Shi."

"Ya rasu. Ni ce da rai, kuma idona ɗaya ya rage."

Ya dube ni sosai, ina jin sai a lokacin ya lura da na hagun. Sannan ya ce, "Sauko. Wallahi ana rufe ta mu tafi tare. Amma ki tuna ke kika matsa."

Na sauko. Sha biyu saura minti goma suka rufe, ya duba hatimin, ya sa hannu.

Alhamis da yamma: ɗakin Ilu

Ƙarfe uku muka isa, hawa na tara a wani tsohon bene. Ɗaki ɗaya ne, da katifa, da darduma, da kwalaben magani a kan taga. Iyalinsa suna Kano, rabon da ya gan su shekara uku. Ya jawo akwati daga ƙarƙashin gado, ya fito da wata leda, ya miƙo mini da hannu biyu.

Tun a hannu na ji ba daidai ba. Bai da nauyi. Na koma bakin taga na buɗe. Lamba bakwai ce a bango da hannun Sabo. Falle tara ne a ciki. Sauran an yage su daga baya, sai guntayen da suka rage a jikin zare.

"Ka yaga!" Ban san na ɗaga murya haka ba. "Matsoraci! Ka yaga inda ya faɗi abin da ka yi!"

"Duba bangon baya."

Na juya. Maiƙo ne ya yi tambari a kwalin, wurin da aka danne don a yago falle. Babban yatsa ne, a fili, da layi fari ya raba shi biyu.

Na ɗora nawa a kai. Ba sai na ɗora ba ma.

Lokacin yajin nan wata uku ba albashi. Ni na riƙe gidan, da ƙosai. Kullum asuba ina ƙofar masaƙa da kaskona, masu yajin su ne masu saye, wanda ba shi da ko sisi in ba shi haka nan. Da tsofaffin jaridu nake naɗewa. Wata safiya jarida ta ƙare, na leƙa ɗaki na ga littafi a kan rediyo, na ɗauka. Na tuna har na yaba takardar, don ba ta shan mai da wuri. A wurina duk takarda takarda ce. Kwana biyu ta yi mini.

Ilu ya zauna a bakin katifa. "Ni ma na saya ranar. Ina ci na ga rubutu a jiki, na gane hannun Sabo. Na bi wurin ina tsinta, uku na samu, suna nan a tsakiya. Sauran an goge hannu an yar. Da na kai masa sai ya zauna yana dariya har hawaye, ya ce, 'To, ai ma'aikata sun cinye juyin juya halinsu.' Washegari ya kawo mini ragowar, ya sa na rantse."

"Me ya hana shi sake rubutawa? Shekara goma ya ƙara a duniya."

"Na tambaye shi. Ya ce wanda ya rubuta wancan ya yarda da abin da yake faɗa."

Ya ce in duba cikin bangon gaba. Rubutu ne ƙanana, na kusantar da shi har hancina yana taɓa takarda. Gambo ta ce ta karanta mini, na ture hannunta.

"Ilu, kada Asabe ta sani. Shekara huɗu ina koya wa ƙarti karatu a ƙofar masaƙa, ita ko baƙi ɗaya ban nuna mata ba. Ita ta ciyar da yajin. Ni na yaga littafin nan."

Gambo ta fara kuka. Ilu yana jira in yi nawa. Ban yi ba, kuma ba zan ce muku na yi don labari ya yi daɗi ba. Zuciyata ce ta tafasa.

"Ya gane," na ce. "Ya gane, ya rubuta ya ba ka. Sannan ya dawo gida ya yi shekara goma muna kwana ɗaki ɗaya, bai ɗauko alli ba."

"Kunya ce, Asabe."

"Kunyarsa ta fi idona? Ku haka kuke. Ku tara mutane ku ce don su ake yi, sannan ku shiga ɗaki ku rufe ƙofa ku yanke abin da ya kamata su sani. Shi da kai duk takalmin manajan kuka sa."

Bai musa ba. Ya ce yana tuna yadda labarin ya ƙare, in ina so ya faɗa mini. Na ce a'a. An ba ni labarai da baki shekara talatin, sun ishe ni. Da za mu fito ya ce in yafe masa. Na ce na yafe masa kwana ukun da ya zarce, na atamfa kuwa ba ni kaɗai ce da hakki ba. Ya yi 'yar dariya, ya raka mu har ƙasa yana dafa bango.

Juma'a da Asabar: Liuhua

Ban fita ba. Gambo ta shiga sarinta, ni ina bakin taga daga takwas zuwa sha ɗaya, lokacin da haske ya fi. Fallen tara na karance su. Shugaban ya sa an yi wa ofishin labule, ya ɗauki masu gadi daga cikin leburori, an fara rubuta sunayen masu yawan tambaya. A tsakiyar jimla ya yanke. Daga cikin ukun da Ilu ya tsinta, ɗaya maiƙo ya cinye shi ɗungurungum. Ɗaya taro ake, ban san a kan me ba. A na ukun wata mata tana tsaye a bakin ƙofa da tire a kai, ana muhawara ko a bar ta ta shiga. Ban san abin da suka yanke ba. Wani ya goge bakinsa da shi.

Ranar Asabar da la'asar muka kama hanyar filin jirgi. Ilu ya aiko da bargo. Na karɓa.

Lahadi: gida

Mun sauka Kano sha biyu da rabi na rana. Na yi sallama da Gambo, na shiga adaidaita zuwa tashar Kabuga. Mota ba ta cika ba sai biyar saura. Yunwa ta kama ni, na sayi ƙosai wurin wata mata a bakin tashar. Ta yago falle daga wani littafi da ke kan cinyarta, ta naɗe, ta miƙo.

Na zazzage ƙosan a gefen mayafina, na shimfiɗa takardar a gwiwa. Rubutun hannu ne, wani yana bayanin yadda ake shuka gero. Ba wani abin kirki ba ne. Na karanta shi daga sama har ƙasa, gaba da baya, har ƙosan ya huce.

"Baba, wani abu ne a jiki?" in ji matar.

"Kin san abin da aka rubuta?"

Ta yi dariya. "Ina ni ina boko? Na yara ne, sun gama da shi."

"Kin tambaye su?"

Ta kalle ni kamar mai taɓin hankali. Na gaya mata inda ake aji a unguwarsu, da rana da lokaci. Ta ce to, irin to ɗin da nake ce wa mutane a da. Direba ya yi oda, na shiga.

Shida da rabi na isa Gwarzo, ana shirin kiran magariba. Hauwa ta tare ni a ƙofa ta ce, "Inna, kin samo?" Na ce na samo. Ta ce, "Yaya ya ƙare?" Na ce ta kawo mini ruwa.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni da sauran gani. Na gode wa Hajiya Gambo da ta jure kunyar da na ba ta, da Malam Isuhu da bai ce komai ba, da malamarmu ta aji da ta riƙe hannuna na rubuta baƙin farko. Ilu ma na gode masa, ya riƙe amanar da bai kamata a ba shi ba. Littattafan bakwai suna wuri ɗaya yanzu. Za a buga su yadda suke, har da fallen mai, kuma na ce a bar yatsan a bango.

Sabo kuwa ina yi masa addu'a kowace salla, Allah ya jiƙansa ya sa ya huta. Godiya dai ban yi masa ba tukuna.